Mun Ɗauki Sunan Abdu Mumuni, Mun Bar Masa Ranarsa

A cikin abubuwan kunya da muka saba da su har muka daina jin nauyinsu, akwai guda wanda ya cancanci a riƙa karanta wa kowane ministan ilimi mai zurfi ranar da ya kama aiki. Babbar jami'ar ƙasar nan tana ɗauke da sunan Farfesa Abdu Mumuni Joffo, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa da girmansa yana nuna wa duniya cewa ranar Sahel dukiya ce, amma wannan jami'a, da ƙannenta na Maraɗi da Damagaram da Tawa, suna rataye da wayar NIGELEC kamar kowace unguwa, ita kuwa NIGELEC ta yi shekara kusan hamsin tana rataye da wayar da ta taso daga wata ƙasa. In an ɗauke wuta a can, fanka ta tsaya a nan, kwamfuta ta mutu, malami ya naɗe takardunsa, ɗalibai su fito suna fifita da littafi, kuma duk wannan a daidai lokacin da rana take tsaka tana gasa kwanon rufin ɗakin da suka fito daga ciki.

Abin da muke nema a wannan shafi a fili yake. A mai da jami'o'in ƙasa masu samar da wutar kansu daga hasken rana, a fara da ta Yamai, a yi aikin da kuɗin da aka rubuta cikin kasafin ƙasa, da hannun malamai da ɗaliban jami'ar, kuma a bainar jama'a yadda kowane ɗan ƙasa zai iya tambayar inda dala ta shiga. Ƴan allunan da aka ɗora nan da can don gwaji ko don nuna wa baƙi ba su biya wannan bukata ba. Muna maganar wutar da za ta riƙe ɗakunan karatu, da ɗakunan bincike, da ɗakin littattafai, da famfunan ruwa, tun hantsi har la'asar, ko NIGELEC ta kawo ko ba ta kawo ba.

Wane ne mai sunan?

Tun da yawancin matasan da ke shiga ƙofar jami'ar nan an haife su ne bayan rasuwarsa, ya kamata a tuna musu. An haifi Abdu Mumuni a Tasawa a 1929. A 1956 ya ci jarrabawar ƙoli ta malanta a fannin kimiyyar fiziya a Faransa, a zamanin da ɗan mulkin mallaka bai cika kai wa wannan matsayi ba. A 1964 ya wallafa littafinsa a kan ilimi a Afirka, wanda har yau ake karantawa a jami'o'in nahiyar. Ya yi aikin binciken makamashin rana a Bamako, sa'an nan ya komo gida ya riƙe ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, wanda aka kafa a 1965, ya yi shekaru masu yawa a kansa tun daga 1969. A can ne aka ƙera tukwanen ɗumama ruwa da rana, da murhun rana, da na'urar tace ruwa, a nan Yamai, da hannun ƴan Nijar. Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979. Ya rasu a watan Afrilu na 1991, ƴan watanni kafin buɗe Babban Taron Ƙasa, kuma a 1992 aka raɗa wa jami'ar sunansa.

A tuna kuma cewa tun a 1968 aka fara kunna talabijin ɗin makaranta da allon rana a ƙasar nan, lokacin da allon yake da tsadar da sai masu harba tauraron ɗan Adam ke iya sayensa ba tare da sun yi gumi ba. Ashe ba mu ne ƙurar baya a wannan fanni ba, muna cikin na gaba. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma mu mun nuna cewa tana yi. ONERSOL ya canja suna fiye da sau ɗaya, jami'a ma ta canja suna, kuma canja suna ba ya cin komi sai gwangwanin fenti da ƙa'idar doka mai layi biyu. Abin da ke da wuya shi ne ɗaukar aikin mai sunan, kuma shi ne gwamnatocin da suka biyo baya, na farar hula da na soja, suka bari a ƙasa.

Zanen aro

Tun daga 1976, da aka ja layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, babban birninmu yake shan wutar madatsar Kainji ta Najeriya. Maraɗi da Damagaram kuwa layin Katsina ne ke ciyar da su ta Gazawa. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Tana da arha, gaskiya ne, kuma arhar nan ce ta sa muka yi barci. A 2013 iska ta kayar da turakun layin Birnin Kebbi, Yamai ta yi makonni tana lalube cikin duhu. An gina tashar Goru Banda mai aiki da mai, aka buɗe ta a 2017 da megawat 80, muka koma muka kwanta. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta katse wuta a farkon watan Agusta, ba ta maido ba sai bayan ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairun 2024. A 2025 ma'aikatar makamashi da kanta ta bayyana cewa megawat 46 ake samu a maimakon 80 ɗin da aka saba.

Kowa yana da ra'ayinsa a kan juyin mulkin da kuma takunkumin, ba shi muka zo tattaunawa ba yau. Darasin da ya rage ga mai goyon baya da mai adawa guda ne: zanen aro ba ya rufe katara. Tun daga lokacin babu kalmar da aka fi furtawa a filayen taro kamar diyaucin ƙasa. To, diyauci yana da wurin gwaji, kuma makunnin wutar ɗakin binciken jami'a yana cikin wuraren. Ƙasar da ta yi shekara hamsin tana haƙo uraniyom a Arlit don ya haskaka biranen Faransa, alhali ɗan ƙasa ɗaya ne kacal cikin biyar yake da wuta a gidansa, ba ta da hurumin ta ƙara jiran kowa kafin ta haskaka makarantar da za ta fitar mata da injiniyoyi.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin bincike ba zai ɗauka ɗauke wuta a jami'a zafi ne kawai da gumi. Ɓarnar ta wuce nan. Akwai samfurin jini da irin shuka da magungunan gwaji waɗanda sai a cikin sanyi suke rayuwa, in firji ya tsaya na sa'o'i aikin watanni ya lalace. Akwai na'urorin awo masu tsadar miliyoyi waɗanda kawowa da ɗaukewar wuta ke ƙonawa. Akwai intanet, wanda a yau shi ne rabin ɗakin littattafai. Akwai darasin da aka ɗage yau aka ɗage gobe, har ya taru da yajin aiki da ƙarancin ɗakuna ya zama shekarar karatu mai wata goma sha takwas. Uban da ke kasuwar Maraɗi yana aika wa ɗansa kuɗin abinci a Harobanda shi ne ke biyan waɗannan watannin da suka ƙaru, ko ya sani ko bai sani ba.

Lissafin ɗan kasuwa

Yawancin masu karanta wannan jarida ƴan kasuwa ne da ma'aikata, mutanen da ba a ruɗa su da daɗin baki. Saboda haka mu ajiye tarihi mu ɗauki alƙalami.

Tashar hasken rana ta Goru Banda, wadda take gaɓar kogin Isa ta dama kamar jami'ar kanta, ta fara ba da wuta a ƙarshen 2023. Ƙarfinta megawat 30 ne, allunanta sun haura 55.000, kuɗinta kimanin miliyar 20 na sefa, daga bashin hukumar AFD ta Faransa da gudummuwar Tarayyar Turai. In aka raba, kowane megawat ya tashi a kan abin da bai kai miliyan 700 ba, kuma yana cin fili kimanin eka guda irin tamu ta hekta. A ranar Nijar, megawat guda na alluna yana ba da kusan kilowat-awa miliyan 1 da dubu 700 a shekara, bayan an cire asarar zafi da ƙura.

Ƙaramar tasha ta fi babba tsada a kan kowane megawat, kuma jami'a tana bukatar batir, saboda haka kada a ce mun yi wa lissafi rowa, mu ɗaga kuɗin zuwa miliyar 1. Mu ƙaddara kuma cewa kowane kilowat-awa da jami'a ta daina saye sefa 80 ne kacal. Wannan ya ba da miliyan 136 a shekara, wato tashar ta maido da uwar kuɗinta cikin shekara bakwai zuwa takwas, alhali masu ƙera alluna suna ba da lamunin shekara 25. In kuwa da injin wuta aka gwada, tazarar ta fi haka faɗi. Injin yana shan kusan kashi ɗaya bisa uku na litar gazuwal kafin ya ba da kilowat-awa guda, don haka wutar da megawat ɗin nan ke bayarwa a shekara daidai take da gazuwal sama da lita dubu 500, kuma a farashin da ya haura sefa 600 kuɗin ya wuce miliyan 300. Wane ɗan kasuwa ne za a nuna wa hajar da ke maido da jari cikin shekara takwas, ta ci gaba da haihuwa shekara goma sha bakwai a bayan haka, ya ce a ba shi lokaci ya kafa kwamiti?

Hujjar ma tana kan rufin shaguna. Tun daga duhun 2023, mai sai da ƙanƙara, da tela, da mai cajin waya, da mai kantin magani, kowa ya ɗora pano gwargwadon aljihunsa, ba tare da wani taron ƙara wa juna sani ba. Farashin alluna a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, kuma ya ci gaba da sauka. Abin da tela ya gane da allura a hannu, bai kamata ya gagari majalisar da ta tara farfesoshin lissafi ba.

Bugu da ƙari, babu gidan da ya dace da wutar rana kamar jami'a. Gidan iyali da dare yake cin wutarsa, jami'a kuwa da rana take cin tata: ana buɗe ofisoshi da ɗakunan karatu bayan fitowar rana, fankoki da na'urorin sanyaya ɗaki suna kai ƙololuwa tsakanin azahar da la'asar, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, kuma a waɗannan sa'o'in ne alluna ke cika aikinsu. Tana da rufi mai faɗi, tana da fili, tana da wuraren ajiye motoci da babura da za a yi wa rumfa da alluna a sami inuwa a sami wuta. Tana da masu gadi. Fiye da kome, tana da mutanen da sana'arsu ke nan, daga sashen fiziya har makarantar EMIG da ke maƙwabtaka da ita.

Masu cewa a'a

Na farko su ne masu cewa ina ake maganar alluna alhali alawus ɗin ɗalibai ba ya zuwa a kan kari, gidan abinci yana ƙaranci, ɗakunan kwana sun cika sun batse, ƙasa kuma tana yaƙi da ƴan ta'adda a iyakoki. Maganarsu tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Sai dai sun manta cewa kuɗin wuta da na gazuwal daga tukunyar nan guda suke fita kowane wata, ko a biya ko a tara bashi a kan NIGELEC, wadda ita ma in ba a biya ta ba ba ta iya gyara layi. Talaka ne ya fi kowa bukatar daina haya. Wanda ya ce ba shi da kuɗin haƙa rijiya amma kullum yana sayen ruwan garwa, ba tattali yake yi ba.

Na biyu su ne masu cewa ƙura da zafi. Gaskiya ne allo yana rage ƙarfi da kimanin kashi 4 cikin 100 duk lokacin da zafinsa ya ƙaru da digiri 10 a kan 25, kuma a rufinmu yakan haura 60. Gaskiya ne kuma hazon hunturu yana lulluɓe gilashi. Amma mun riga mun cire wannan a lissafin da ya gabata, maganin ƙura kuwa ruwa ne da tsumma da jadawalin wanki. Tashar Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, ba a Turai aka gina ta ba, a cikin ƙurar Adar take. Jami'ar da ke da dubban matasa masu neman abin sayen sabulu za ta iya biyan wasunsu ladan wanke alluna, su koyi sana'ar tun daga tushe.

Na uku su ne masu cewa da dare fa? Ba wanda ya ce a yanke wayar NIGELEC. A bar ta, ta riƙe ɗakunan kwana da dare lokacin da ofisoshin gari suka rufe. Batir kuwa a sa shi inda ya wajaba kawai: firjin bincike, ɗakin manyan kwamfutoci, ɗakin shan magani, fitilun hanya, da ɗakin karatun dare. Ranakun Lahadi da lokacin babban hutu, wutar da ta yi rara a tura ta cikin layi a cire daga bashin jami'a. Dokar wutar lantarki ta 2016 ta buɗe ƙofa ga masu samar da wuta masu zaman kansu, kuma akwai hukumar ARSE da aka kafa don daidaita irin wannan ciniki. In akwai wata ƙa'ida da ta rage, aikin mako guda ne ga majalisar ministocin da ke son yi.

Na huɗu su ne masu cewa a yi haƙuri, Kandaji na tafe. An aza tubalin madatsar nan mai megawat 130 a 2008, bayan an yi shekaru talatin ana ambatonta. Yaron da aka haifa a shekarar aza tubalin ya isa shiga jami'a. Muna fatan Allah ya nuna mana ranar ƙare ta, amma ko ta ƙare wutarta ba za ta ishi ƙasar da yawan jama'arta ke ninkawa cikin shekara ashirin ba, tashar jami'a kuwa aikin watanni ce in an tashi yi.

Inda haɗarin yake

Duk waɗannan masu cewa a'a ba su ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne masu cewa e da sauri, waɗanda da jin kalmar miliyar sai yawunsu ya tsinke. Mun san yadda ake yi a ƙasar nan. A nemo mai ba da agaji, a ba wani ɗan uwa ko abokin jam'iyya kwangila a ɗaki ba tare da gasa ba, a shigo da kaya mafi arha a rubuta farashin mafi tsada, a gayyato talabijin a yanke ƙyalle, a tafi. Bayan shekara biyu batir ya mutu, na'urar juya wuta ta ƙone, babu wanda ya san lambar wanda ya kafa ta, babu dala a kasafi don gyara, alluna su zama mashayar tantabaru. Wanda ke shakka ya zaga garuruwanmu da dare ya ƙirga fitilun titi masu allon rana da ke tsaye kamar kushewa. Daga nan sai a ce ai wutar rana ba ta aiki, alhali rana ba ta taɓa fashin fitowa ba.

Tun ran gini, ran zane. Kafin a sayi allo ko guda, a sa ma'auni a kowane gini a auna shekara ko aƙalla zango guda, a san abin da kowace tsangaya ke ci. A nan za mu taɓa ƴan uwanmu ma'aikata, su yi haƙuri: na'urar sanyin da aka bari a kunne a ofishin da babu kowa tun Juma'a har Litinin, da ƙwan fitilar da ke ci da tsakar rana, sun cinye alluna masu yawa tun kafin a saye su. Wutar gwamnati ba ta marar uba ba ce, harajin ɗan kasuwa ne da abin da aka yanke a albashin ma'aikaci.

Sa'an nan malaman jami'a ne za su rubuta ƙa'idojin aikin, su ne kuma za su karɓi kaya su gwada kafin a biya. Akwai tarkon da mai kwangila marar tsoron Allah ke sakawa wanda sai masani ke gani: allunan da aka haɗa da layin NIGELEC kai tsaye, ba tare da batir ko tsarin tsayawa da kai ba, in an ɗauke wuta su ma tsayawa suke yi nan take, don kare ma'aikatan da ke gyaran layi. Jami'ar da aka kafa wa irin wannan za ta biya miliyoyi ta ci gaba da zama cikin duhu da tsakar rana. Haka kuma batirin dalma irin na mota ba ya jure zafinmu, shekara biyu ko uku ya gama, na litiyom ya fi tsada amma ya fi shi rai nesa ba kusa ba in an ajiye shi a ɗaki mai iska. Na'urar juya wuta takan bukaci canji bayan shekara goma zuwa goma sha biyar. Duk wannan a rubuta shi a takarda tun farko, a ware masa asusu daga cikin kuɗin da aka rage na wuta, asusun da ba shugaban jami'a ko minista da zai iya taɓawa don sayen mota ko shirya biki.

A buga kiran kwangila a jaridu, a buɗe ambulan a gaban wakilan ƙungiyar malamai da ta ɗalibai, a buga sunan wanda ya ci da farashinsa. A ɗaure shi da sharaɗin ɗaukar ɗalibai aiki tun daga aza ƙarfen farko, da sharaɗin riƙe tashar shekaru kafin a sake masa ragowar kuɗinsa. A kafa allo a ƙofar jami'a da ke nuna wutar da aka samar kowace rana, domin ranar da lamba ta faɗi kowa ya gani ya tambaya. Ɗaliban da suka tsaya a gadar Kenedi ranar 9 ga Fabrairu 1990, har aka zubar da jininsu, su ne suka buɗe wa ƙasar nan ƙofar faɗin albarkacin baki. Ƙannensu sun isa a ba su ikon duba takardar kwangilar rufin ɗakin karatunsu.

Maraɗi, Damagaram, Tawa

Abin da aka faɗa a kan Yamai ya fi ƙarfi a jihohi. An kafa jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010, aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014. Sababbi ne, ana kan gina su, kuma sa alluna a zanen gini ya fi sauƙi da arha a kan fasa rufi daga baya. Duk ginin jami'ar da aka aza daga yau ba tare da an tanadi rufinsa don alluna ba, ɓarnar dukiyar jama'a ce, kuma ya kamata ma'aikatar da ta sa hannu ta amsa tambaya. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da ta Andre Salifu, da ta Jibo Hamani, duk sun fito ne daga cibiyoyin koyar da fasaha, saboda haka ba su rasa hannun da zai riƙe sukuddireba.

Ƴan kasuwarmu masu zuwa Kano sun san jami'ar Bayero. A 2019 gwamnatin Najeriya ta buɗe mata tasha mai megawat 7,1 wadda ta haɗa alluna da batir da injin gazuwal, a ƙarƙashin shirin samar wa jami'o'inta wuta. Ƙasar da muke saye a wurinta ita kanta ta ga cewa bai kamata jami'arta ta dogara da layin ƙasa kaɗai ba. Ranar da ke Kano ita ce ke Maraɗi, tamu ma ta ɗan fi zafi. A aika malamai su je su gani, su tambayi abin da ya yi kyau da abin da ya ba da wahala wajen riƙo da gyara, don kada mu biya kuɗin darasin da maƙwabci ya riga ya biya.

Ribar ba ta tsaya a kan takardar kuɗin wuta ba. Dubban allunan da ke shigowa ƙasar nan kowane wata, yawancinsu masu koyo da gani ne ke haɗa su, da siririyar waya da batirin da bai dace ba, mai gida ya yi asara, wani lokaci har gobara. Tashar jami'a makaranta ce da kanta: ɗalibin da ya yi shekara uku yana auna ta, yana wanke ta, yana gyara ta, shi ne gobe zai haɗa famfon lambu a Jiratawa, da firjin rigakafi a asibitin ƙauye, da injin niƙa a Mirya. Wannan shi ne ainihin abin da Abdu Mumuni ya yi ta faɗa a kan ilimin da ke da jijiya a cikin bukatun jama'arsa.

Ga wanda ya dace

Ga ministocin ilimi mai zurfi da makamashi da kuɗi: muna son ganin layi a kasafin shekara mai zuwa, da adadi, da sunan jami'a, da ranar farawa. Ga shugabannin jami'o'i: ku buga wa jama'a abin da kuke biya na wuta da gazuwal a shekara, domin muhawara ta tsaya a kan lamba. Ga ƙungiyoyin malamai da ɗalibai: ku sa wannan a jerin bukatunku kusa da alawus, don shi ne bukatar da in an biya ta sau ɗaya take ci gaba da biyan sauran. Ga attajiranmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Ƙonni, waɗanda Allah ya ba ikon gina masallatai da haƙa rijiyoyi: rufin ɗakin littattafai guda da aka lulluɓe da alluna sadaka ce mai gudana shekara ashirin da biyar, ƴaƴanku da na barorinku ne za su yi karatu a ƙarƙashinta. Amma ku bayar da sharaɗi, ku nemi rasit, ku komo bayan shekara ku duba.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In magabata sun ga wannan aiki ya fi ƙarfinsu, to su fito su faɗa wa ƴan ƙasa dalili da lambobi, mu ma mu kawo namu. In kuwa shiru za a ci gaba da yi, ana biki kowace shekara ana yabon marigayi da jawabai a ƙarƙashin rurin injin gazuwal, to gara a sauke sunansa daga ƙofa a ajiye da mutunci, har ranar da za a sami waɗanda suka isa su ɗauke shi.